Kyamararka ta Farko: Inda Ya Kamata Ɗan Kuɗinka Ya Tafi

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa da ɗan abin da ya tara daga alawus, ya ce shi sana'ar hoto zai kama: biki, suna, walimar sauka, da hoton kayan masu talla a waya. Wani dare ya turo min hoton wata kyamara da ya gani a intanet. Baƙa ce mai sheƙi, an rubuta mata 48MP da 4K da manyan baƙaƙe, ga makirfo, ga jaka, ga batir biyu, ga mariƙi mai ƙafa uku, duka a kuɗin da bai kai na wayar hannunsa ba. Ya ce, "Kawu, ka ga wannan? Gobe nake son in tura kuɗin." Na ce masa, "Don Allah dakata, ka zo gida mu zauna tukuna."

Na tsayar da shi ne don na taɓa riƙe irinta a hannuna. Ba ta ɗauke da sunan kamfanin da aka sani, in ka ɗaga ta kuma sai ka ji ta sakayau kamar fanko. Abin da ke cikinta ɗan ƙaramin ido ne irin na waya mai araha, aka sa masa babbar riga. Lambar 48 ɗin nan na'urar ce ke hura hoton har ya kai ta, kamar a ƙara wa kunu ruwa: ya cika kwano, amma gasarar ba ta ƙaru ba. Yaron da ya yi shekara yana tara kuɗi, in ya fara da wannan, ba kuɗin kaɗai zai rasa ba. Zai ga hotunansa ba su yi kyau ba, ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya ajiye sana'ar tun bai fara ba. Wannan ne ya fi damuna.

Bari mu fara da lambar da kowa ke tambaya. Megafiksel, wato MP ɗin nan, ƙidaya ce ta ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, kowane ɗaya ɗigo miliyan guda. Kyamarar dijital ta farko, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo 10,000 kacal take ɗauka, baƙi da fari, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. A wancan lokaci da shekarun da suka biyo baya, duk ƙarin ɗigo ci gaba ne na gaske, shi ya sa kamfanoni suka saba tallata lambar, mu ma muka saba tambayarta. Amma an daɗe da wuce wurin. Hoton da ake wankewa a sa a albam, mai inci 4 da 6, megafiksel 2 da 'yan kai ya ishe shi ya fito tas. Wanda zai cika takardar A4 bai kai 9 ba. Wanda za a tura ta WhatsApp ko a ɗora a Instagram kuwa, manhajar da kanta za ta matse shi ta zubar da mafi yawan ɗigon. Nikon D3100 ta 2010 tana da 14, Canon 600D ta 2011 tana da 18. Ka ga tun shekarun nan an riga an ƙoshi.

Abin tambaya shi ne girman sensa, wato ɗan farantin nan da ke can ciki wanda haske ke sauka a kansa, shi ne ya gaji fim. Hoto haske ne aka tara, kuma tarar haske kamar tarar ruwan sama ce: wanda ya fito da baho ba daidai yake da wanda ya fito da kofi ba, ko da sun yi minti ɗaya a tsakar gida. Ƙananan kyamarorin aljihu, da masu dogon zum masu araha, sensarsu kusan milimita 6 da 4 da rabi ce, ba ta kai farcen ɗan ƙaramin yatsanka ba. Wadda ake kira APS-C, wadda ke cikin kyamarorin masu koyo na Canon da Nikon da Sony, ta kai wajen milimita 23 da 15, faɗinta ya ninka na waccan sau goma sha wani abu. Sama da ita akwai mai girman fim na da, milimita 36 da 24, ita ce ta manyan ƙwararru, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba ya bukatarta a farko.

Da rana tsaka kowace kyamara gwana ce. Bambancin yana fitowa ne bayan magariba, kuma mu yawancin hidimominmu a lokacin suke: kamu, dina, kai amarya, ɗaki mai kwan fitila ɗaya, wani lokacin ma an ɗauke wuta ana haska fitilar waya. Nan ne ƙaramar sensa ke fitar da hoto yashi-yashi, fuska ta dame, adon leshi ya ɓace. Babbar sensa kuwa tana da sauran numfashi.

Akwai wata magana da mai shago ba zai faɗa maka ba. Idan kuɗinka bai kai na kyamara mai sensar APS-C ba, ko da ta hannu ce, to riƙe wayarka. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗe su wuri ɗaya, shi ya sa sukan doke ƙaramar kyamara mai araha. Baiwar Allah da ke sayar da atamfa ko turaren wuta a waya, in ta sayi fitila mai kyau da farin kyalle na shimfiɗa, ta koyi ajiye kayanta kusa da taga da hantsi, za ta fi cin riba fiye da ta kwashe jarinta ta sayi kyamarar da ba ta fi wayarta ba. Ta ci gaba da tari har kuɗin ya kai.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a natsu, wato gilashin gaba, wanda masu hoto ke kira lensi. Mai koyo yakan zuba duk kuɗinsa a uwar kyamara, ya karɓi kowane gilashi aka haɗo masa. Alhali duk hasken da sensa za ta gani ta gilashin nan zai bi. A jikin kowane gilashi akwai lambobi iri biyu. Mai "mm" tana gaya maka faɗin abin da yake gani: 18 ya kwashe ɗaki duka, 55 ya matso da fuska, 200 ya jawo abin da ke nesa. Mai "f" kuma tana gaya maka girman ƙofar da haske ke shiga, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin da aka saba haɗowa da kyamara shi ne 18-55mm, ƙofarsa f/3.5 in ka buɗe shi, amma da ka jawo zuwa 55 sai ta tsuke ta koma f/5.6. Gilashin 50mm f/1.8 kuwa, wanda yana cikin mafi araha da Canon da Nikon suke yi, yana shigar da hasken da ya kusa ninka na f/5.6 sau goma. Ba ya zum, ƙafarka ce zum ɗinsa. Amma shi ne ke fitar da hoton nan da mutum ya fito raɗau, bayansa ya narke ya yi laushi, wanda in amarya ta gani take cewa, "Yauwa, wannan shi ne hoton kyamara." Tsohuwar kyamara ta shekara goma da wannan gilashi ta fi sabuwa dal mai gilashin da aka haɗo ta da shi, in dai hoton mutane ake magana.

Sai dai akwai wani abu da na koya a ɗakin wata mai jego. A kyamarar APS-C, gilashin 50mm yana gani ne kamar 75 ko 80 a babbar kyamara, wato a matse. Ranar sunan na ja baya har bayana ya taɓa bango, uwa da jariri kawai suka shiga, kakar yaron da ke gefe tana ta gyara mayafi ba ta samu shiga ba. Ɗakunanmu ba su da faɗin da za a yi ta ja da baya. Don haka kada ka yar da 18-55 ɗin nan, shi ne na hoton taro da na dangi. Kuma in cikin ɗaki za ka fi aiki, mai Nikon ya nemi 35mm f/1.8G DX, mai Canon ya duba ɗan siririn nan 24mm f/2.8 STM. Wanda kuma burinsa Hawan Daushe ne, ya ɗauko mahayi da kwalliyar dokinsa daga bayan cincirindon jama'a, zai bukaci 55-250mm na Canon ko 55-200mm na Nikon, amma wannan sayayyar gaba ce, ba ta ranar farko ba.

Mai sayen Nikon ya kula da harafi ɗaya. Kyamarorin jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita gani a jikinsu, sun dogara da wanda ke cikin gilashi. Akwai 50mm f/1.8D, akwai 50mm f/1.8G. Na farkon ya fi araha, zai kuma ɗauru daram, amma a waɗannan kyamarori ba zai saita kansa ba, sai ka riƙa murɗawa da hannu, ango kuwa ba zai tsaya jiranka ba. Mai G ɗin, wanda aka rubuta wa AF-S, shi ne naka.

Wannan ya kawo mu ga zaɓen kamfani. Sayen kyamara mai sauya gilashi kamar aure ne, ba ita kaɗai ka ɗauka ba, har da danginta. Gilashin Canon ba ya hawa Nikon kai tsaye, batirinsu daban, filasharsu daban. Tambayar da ta fi "wanne ya fi kyau" amfani ita ce: a garinku wanne masu hoto suka fi riƙewa? Wanda za ka koyi aiki a wurinsa, me yake amfani da shi? Don a wurinsa za ka ari gilashi ranar da aiki ya fi ƙarfin naka, kuma mai gyaran da ke kusa da ku abin da ya saba buɗewa shi ya iya. Ka kuma lura da dangin da ya daina haihuwa. Canon M50 kyamara ce mai daɗin aiki, amma Canon ta bar wannan jeri na EOS M ta koma jerin R, kuma gilasan M ba sa hawa kyamarorin R. In ka same ta da araha ka san abin da ka saya.

Za ka ji ana ta muhawara a kan DSLR da marar madubi. DSLR tana da madubi a ciki da ke karkato hoto zuwa tagar da kake leƙawa, in ka danna sai ya ɗaga, shi ne ƙarar nan "ƙaras" da ake ji. Marar madubi ta cire shi, abin da sensa ke gani shi take nuna maka a ɗan allo. Ta fi sauƙin nauyi, sababbinta sun fi iya bin ido da fuska, kuma can ne kamfanoni suka mai da hankali yanzu. To amma wannan ƙaura da aka yi ita ce ta zama alheri ga mai ƙaramin ƙarfi: masu hoto a Turai da Amurka suna ta sakin DSLR ɗinsu da gilasansu, su ne suke sauka a kasuwanninmu a matsayin na hannu. Ga kuma maganar batir, wadda a wurinmu ba ƙarama ba ce. A gwajin da kamfanoni ke bi, Nikon D3500 ta 2018 tana ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, Sony a6000 ta 2014, wadda ba ta da madubi, wajen 360. Duka biyun megafiksel 24 ne, duka suna fitar da hoto mai kyau. Amma wanda zai wuni a ƙauye wurin ɗaurin aure babu inda zai soka caja, ya san wadda za ta kai shi yamma. Ra'ayina, wanda hoto ne gabansa kuma kuɗinsa a ƙirge yake, DSLR ta hannu mai lafiya ta fi masa.

Wanda bidiyo ne gabansa lissafinsa daban. Ya duba ramin makirfo kafin komai, don mutane sukan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙura da murya mai shuuu. Nikon D3300 tana da ramin, D3400 da D3500 da suka biyo bayanta ba su da shi. Canon 600D da 700D suna da shi har da allo mai juyawa, 2000D ba ta da ramin, a6000 ma haka. Canon 200D da 70D sun fi iya riƙe fuska a saite yayin da mutum ke motsi. Kuma yawancin waɗannan suna yanke ɗauka kafin minti 30, abin da mai ɗaukar wa'azi ko lacca ya kamata ya sani tun kafin malam ya hau kujera.

Wani abin da ke rikita masu saye shi ne kyamara ɗaya mai suna uku. Canon 600D ita ce Rebel T3i a Amurka, ita ce Kiss X5 a Japan. 2000D ita ce Rebel T7. Da yake kayan hannu daga ko'ina suke zuwa, za ka iya ganin biyu a kanta ɗaya da farashi daban, alhali abu ɗaya ne.

Ranar saye, kada a yi cinikin biri a sama. Ko a intanet ka ga kayan, ko Legas za a aiko maka daga Ikeja, ka tabbata kai ko wani naka da ya san hoto ya riƙe ta kafin kuɗi ya fita. Ka tafi da memorinka. Ka ɗauki hoto da kowane maɓalli, ka murɗa kowane abin murɗawa, ka buɗe murfin batir ka duba ko akwai tsatsa ko farin gari, alamar ruwa ya taɓa shiga. Ka duba kusoshin jikinta, in kansu ya sha sukundireba to an taɓa buɗe ta, a gaya maka dalili. Sannan ka tsuke ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka ƙara girmansa. Ɗigon baƙi-baƙi ƙura ce a kan sensa, ana gogewa. Amma layi miƙaƙƙe ko tabo mai kaifi karce ne, wannan ka ajiye ta ka yi gaba.

Gilashin kuma ka cire shi, ka buɗe murfinsa gaba da baya, ka haska fitilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, babu gilashin da ba shi da ita. Abin gudu shi ne wani zare-zare fari kamar yanar gizo-gizo: funfuna ce, tana kama gilashin da ya daɗe a wuri mai laima, kuma kayan da suka kwana biyu a garuruwan bakin teku sukan zo da ita. Tana yaɗuwa, tana cin rufin gilashin. Na taɓa sayen wani a shago da yamma, wuta ba ta da ƙarfi, mai shagon yana ta hanzarta ni wai zai rufe. Sai da na dawo gida na haska na gan ta shimfiɗe a gefe. Tun daga ranar ba na sayen gilashi sai da rana, kuma ba na bari a gaggauta ni.

Ka kuma tambayi adadin hotunan da ta ɗauka. Labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa yana da iyakar kwana, kuma na ƙananan DSLR an gwada shi ne a kan wajen 100,000. Kamar kilomitar mota ce: wata takan wuce, wata ba ta kaiwa. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ana iya karantawa da manhaja ko a intanet. Na Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi 15,000 yarinya ce, wadda ta yi 90,000 ta sha biki, sai in farashin ya faɗi sosai.

Farashi kuwa dala yake bi, musamman tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, don haka ka yi lissafi da kaso, ba da lamba ba. Shawarar da na ba yaron nan ita ce kada uwar kyamara da gilashinta na 18-55 su ci fiye da rabi da ɗan ɗoriya na abin da ke hannunsa. Kwata ya tafi ga gilashi mai babbar ƙofa. Ragowar na ƙananan abubuwa ne da ake mantawa sai an dawo gida: batir na biyu, jaka mai rufuwa da kyau, ɗan famfon roba na hure ƙura, da memori. Memori na jabu ya yi yawa, an rubuta masa 128GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, yana karɓar hotuna kamar gaske, sai ka zo kwashewa ka tarar sun lalace. Ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya rasa hotuna. Ka sayi 32GB guda biyu na gaske a wurin wanda ka yarda da shi, ka cika kowanne ka kwashe a kwamfuta kafin ka kai shi aiki. Mai bidiyo ya nemi mai alamar U3 ko V30, wato mai saurin adanawa. Filasha ta ɗorawa a kai, irin su Godox da Yongnuo, tana iya jira zuwa kuɗin aikin farko, amma mai sayen Canon 2000D ko 4000D ya duba mazauninta: da yawansu an fitar da su babu ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, don haka wasu filasha masu araha ba sa tashi a kansu.

Da hunturu kuma, kada ka sauya gilashi a fili iska na kaɗawa. Ka shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri.

Yaron ya zo gida, muka zauna bayan isha'i, na zayyana masa duk wannan. Bayan mako biyu ya samu Nikon D3300 ta hannu da 18-55 ɗinta, ta ɗauki hoto 11,000 da wani abu, ya ƙara da 35mm. Aikinsa na farko ɗaurin auren abokinsa ne, ranar Asabar da hantsi, a ƙofar masallaci. Da yamma ya kira ni murya a sanyaye: "Kawu, anya kyamarar nan lafiyarta ƙalau? Fuskokin duk sun yi duhu." Na ce ya turo min. Ango ne da abokansa bakwai, kowa cikin farar shadda, rana na dukansu. Kyamara ba ta san fari ba, duk abin da ta gani ƙoƙari take ta mai da shi tsaka-tsaki, ruwan toka. Da ta ga farin ya cika hoto sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, shaddar ta yi toka-toka, fuskokinmu masu duhu kuma suka nutse. Na ce ya nemi ɗan maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi kusa da inda yake dannawa, ya riƙe shi ya murɗa zuwa +1, kuma gobe wurin walima ya jawo mutane inuwar bango ko ƙarƙashin darbejiya maimakon tsakar rana. Washegari da azahar ya turo min hoton mahaifin ango zaune a kan darduma a zaure, hasken ƙofa ya sauka a gefen fuskarsa, ana ganin kowane zare na aikin wuyan rigarsa da furfurar gemunsa.